YAWON KEKE A FADAMAR WICKEN TA ƘASAR INGILA

'Yan'uwa manoma, a wurinmu keke abin aiki ne. Shi ke kai buhun taki gona, shi ke kai tumatir kasuwa, shi ke kai mara lafiya asibiti. Da wuya ka ga magidanci ya hau keke domin kallo kurum. Amma a gabashin ƙasar Ingila akwai wata fadama inda mutane su ke barin motocinsu, su hau keke, su wuni suna zagawa. Tsofaffi suna zuwa, mata da yara ma haka. Sunan wurin Wicken Fen, yana tsakanin garin Kambirij da garin Ely.

Zan bi da ku ta wannan hanya a takarda, domin abin da mai keke ya ke gani a can ya shafi kowane mai gona a fadama. Mutanen wurin sun yi shekara kusan ɗari huɗu suna korar ruwa daga ƙasarsu. Yanzu kuwa, a wani yanki, kuɗi su ke kashewa domin su komo da shi.

INA NE WURIN?

Turawan Ingila suna kiran dukan wannan yanki Fens, watau fadamu. Faɗinsa ya kusa murabba'in mil 1,500. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce kamar faifai, ba dutse, ba tudu. Wurare da yawa a ciki daidai su ke da bakin teku, waɗansu ma sun fi teku ƙasa. Garin Ely shi ne a kan ɗan tudu, a dā kuwa tsibiri ne da ruwa ya kewaye. Babbar majami'ar garin, wadda aka soma gininta a 1083, ana hangenta daga nesa ƙwarai, har mutanen wurin suna kwatanta ta da jirgi a bisa ruwa. Mai keke ba ya ɓata muddin yana hangenta.

A zamanin dā mutanen fadamun nan da ruwa su ke ci. Suna kamun kifi, musamman wani dogo mai kama da maciji, wanda daga sunansa ne aka sami sunan Ely. Suna kama agwagin ruwa, suna yankan ciyawar jinka, in ruwa ya janye kuma su sako shanu kiwo. Wanda ya san zaman bakin fadama a ƙasarmu ba zai ga baƙon abu a nan ba.

YADDA HANYAR KEKEN TA KE

Tun daga 1995 aka shiga haɗa hanyoyin keke na dukan ƙasar, kowace da lambarta. Wadda ta ratsa Wicken ita ce lamba 11. Alamarta shuɗin allo ne da hoton keke, lambar kuwa tana cikin jan gida. Ko wanda bai iya Turanci ba, in ya iya karanta lamba, zai bi ta.

Mutum yana iya sauka daga jirgin ƙasa a Ely, ya kama hanya kudu ta gefen kogi. Kafin ya cika mil goma ya iso Wicken. Daga Wicken kuma akwai wani yanki da a ke kira Lodes Way, kimanin mil tara, wanda ya nufi ƙauyukan Lode da Bottisham, kusa da Kambirij. A ƙarshensa akwai tsohon gida mai lambu, Anglesey Abbey, da tsohon injin niƙa irin wanda ruwa ke juyawa.

Abu uku su ka sa tafiyar ta yi sauƙi. Na fari, ba hawa ba gangara, don haka keke mara giya ma ya isa. Na biyu, yawancin hanyar ba mota. Wani wuri tsakuwa ce aka daddaɓe, wani wuri hanyar gona ce wadda sai tarakta ko motar mai gonar ta kan bi jifa-jifa. A ƙauyuka ne kaɗai a ke ɗan haɗuwa da motoci. Na uku, an yi gadoji. Dā hanyoyin ruwa sun raba ƙauyukan, sai mutum ya yi dogon zagaye ta babban titi. A 2010 aka buɗe gada a kan ruwan Reach domin masu keke, da masu tafiya ƙasa, da masu doki. Gadar nan guda ta haɗa wuraren da su ke kallon juna amma ba su iya kai wa juna.

Wahalar da ke akwai ɗaya ce, iska. Inda ba tudu ba itatuwa, ba abin da zai tare ta. Masu wayo su kan fita suna fuskantar iska tun da sauran ƙarfinsu, domin a komowa ta tura su gida. Guzurin kuwa irin wanda ku ka sani ne: ruwan sha, famfo, kayan faci, da rigar ruwa, gama a Ingila ba a rantsuwa a kan hadari. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga watan Mayu zuwa Satumba, sa'ad da rana ta ke daɗewa ba ta faɗi ba.

Akwai ka'ida kuma. In ka buɗe ƙofar shinge, ka rufe. In ka iske masu tafiya ƙasa, ka buga ƙararrawa, ka rage gudu. Ba a ba dabbobin wurin abinci, ba a matsa musu. A tsakiyar fadamar, inda ƙasa ta fi laushi, ba a shiga da keke sam. Sai ka jingine shi, ka bi wata hanyar katako da aka shimfiɗa a bisa taɓo.

ABIN MAMAKI NA FARI: RUWA A SAMA, GONA A ƘASA

Hanyoyin ruwan da a ke kira lode, mutanen dā ne su ka haƙa su domin kwale-kwale ya kai kaya daga ƙauyuka zuwa kogin Cam. Akwai na Wicken, na Burwell, na Reach, na Swaffham Bulbeck, da na Bottisham. Mai keke in ya hau gada ya duba, sai ya ga abin da hankali bai saba da shi ba. Ruwan yana tafiya a sama tsakanin jinga biyu, gonaki kuwa suna can ƙasa da shi. A yawancin wurare a duniya rafi ne a ƙasa, gona a sama. Me ya juya abin a nan?

Amsar tana cikin irin ƙasar. Ciyawa da karan bakin ruwa in sun mutu cikin ruwa ba su ruɓewa sosai, domin iska ba ta kai gare su. Sai su yi ta taruwa, bana a kan bara, har su zama baƙar ƙasa mai laushi kamar soso. Taruwar tana da nawa ƙwarai, wajen inci ɗaya a shekara 25. A cikin dubban shekaru ta yi kauri, a waɗansu wurare ta fi tsayin mutum biyu.

A 1630 waɗansu masu kuɗi, da wani basarake na Bedford a gabansu, su ka haɗa jari domin su janye ruwan, a biya su da ƙasar da ta bushe. Wani injiniya mutumin Holan, Cornelius Vermuyden, shi ya shahara a aikin. Aka haƙa manyan hanyoyin ruwa biyu miƙaƙƙu, kowace wajen mil 21, domin su kai ruwa teku da sauri. Talakawan fadama ba su yarda ba, gama abincinsu ne a ke ɗaukewa. Su kan fito da dare su fasa jinga. Amma ƙarfi ya fi nasu.

Da fari abin ya yi kyau, amfanin gona ya yi albarka. Sai ƙasa ta soma sauka. Soso in ya bushe ya kan ƙanƙance. Bayan haka, da iska ta shiga cikin baƙar ƙasar, sai ruɓar da ruwa ya hana tun dubban shekaru ta kama aiki, ƙasar ta riƙa ƙarewa tana bin iska. Gonaki su ka koma ƙasa da magudanan da aka haƙa musu. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu da kansa. Dole aka kafa famfunan iska ɗaruruwa su ɗaga shi. Ƙasa ta ƙara sauka, aka kawo injin tururi, irin wanda aka gina a Stretham a 1831, yana nan har yanzu ana zuwa kallo. Daga baya aka koma injin dizal, sa'an nan na lantarki. Kowane sabon famfo ya fi na baya ƙarfi, ya ƙara busar da ƙasa, ita kuwa ta ƙara sauka. Har yau in famfunan nan su ka tsaya, gonaki da yawa za su koma tafki.

Akwai shaida da ido ke gani. A wani wuri mai suna Holme, arewa maso yamma da Wicken, sa'ad da a ke janye ruwan wani babban tafki wajen 1851, an kafa ginshiƙi har kansa ya yi daidai da ƙasa. Yau ginshiƙin yana tsaye ƙafa 13 a sarari. Ba wanda ya ɗaga shi, ƙasa ce ta gudu ta bar shi. Wurin nan yanzu yana ƙafa tara ƙasa da teku, ba inda ya fi shi zurfi a duk ƙasar Birtaniya.

A gonakin da a ke nomawa har yanzu baƙar ƙasa tana raguwa, a wurare da yawa wajen rabin inci kowace shekara. Abin da ya ɗauki shekara goma sha yana taruwa, shekara guda ta cinye shi. In bazararsu ta zo da iska, gona kuwa tana tsirara, sai ƙura baƙa ta tashi ta rufe hanya, ta tafi da iri da taki gaba ɗaya. Mai garma kuma ya kan ci karo da kututturan itatuwan da su ka kwanta a ƙarƙashi tun kafin tarihi, yanzu sun fito fili.

Kada mu yi wa manoman wurin rashin adalci. Ƙasar Fens tana cikin mafi kyau a Ingila, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na kayan lambun ƙasar daga nan ya ke fitowa. Mai keke zai wuce dankali, albasa, karas, latas da alkama, layi-layi har iyakar gani. Amma manoman da kansu sun sani jarin su ke ci, ba riba kaɗai ba.

ABIN MAMAKI NA BIYU: FAMFON DA KE AIKI A JUYE

Daga cikin fadamun asali, abin da ya tsira bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wicken yana cikin 'yan gutsattsarin da su ka rage. Abin da ya cece shi kuwa sana'a ce. Mutanen ƙauyen suna yankan wata ciyawa mai kaifi a wurin, ta baibayar ɗaki da hura wuta, fiye da shekara 600 ke nan. Kowane gida da yankinsa, kuma ba a yanke wuri ɗaya kowace shekara, sai a bar shi shekara uku ko huɗu ya komo. Da ya ke ciyawar tana kawo kuɗi, ba su bari an busar da wurin ba.

A 1899 wata ƙungiya mai suna National Trust ta sayi eka biyu a nan a kan fam goma. Daga wannan ta yi ta ƙarawa, yau tana riƙe da fiye da eka 2,000. Masana sun ƙidaya irin tsiro, da ƙwari, da tsuntsaye, da dabbobi fiye da 9,000 a wurin. Har yanzu ana yankan ciyawar bi da bi kamar dā, gama in an daina, sai ƙananan itatuwa su cinye fadamar.

To, ga wahalar da ta same su. Da ya ke gonakin kewaye sun sauka, tsohuwar fadamar ta zama ita ce a sama, kamar tsibiri. Ruwanta sai ya riƙa tsiyaya zuwa gonakin maƙwabta. Wani babban malam-buɗe-littafi da aka san wurin da shi ya ɓace tun wajen 1950 da 'yan kai, domin tsiron da 'ya'yansa ke ci ya ragu da bushewar ƙasa. A bakin hanyar katako akwai wani ƙaramin famfon iska na itace. Dā aikinsa fid da ruwa daga wata fadama ta kusa. A 1956 aka ɗauko shi aka sāke kafa shi a nan, aka juya aikinsa, ya zama mai zuba ruwa a cikin fadama. Wannan ɗan famfo ya isa ya ba da labarin wurin duka.

A 1999 ƙungiyar ta yi shiri na shekara ɗari: ta riƙa sayen gonaki daga masu son sayarwa, ta bar ruwa ya komo, har wurin ya kai wajen eka 13,000, ya miƙe zuwa bakin Kambirij. Ba kowa ya yi murna ba. Waɗansu manoma sun ce ba daidai ba ne a mai da ƙasar abinci wurin tsuntsaye, kuma maganarsu abin dubawa ce. Hanyar keken nan tana cikin amsar da aka ba jama'a: in an ɗauki ƙasa, to, kowa ya sami hanyar shiga ya more ta, ba masana kaɗai ba. Baƙin da ke zuwa kuma suna cin abinci, suna kwana, suna sayayya a ƙauyukan.

A sababbin wuraren mai keke zai ga shanu masu dogon gashi da dogayen ƙaho, 'yan asalin Sikotilan, da waɗansu gajerun dawaki masu launin toka, 'yan asalin Folan. Suna yawo rani da damina ba makiyayi. Su ne ma'aikatan wurin. Inda su ka ci ciyawa ta yi gajere, inda su ka tattake ruwa ya kwanta, kowane irin wuri kuwa da tsuntsun da ke sonsa.

BAƘIN DA MU KE TARAYYA DA SU

Mai keke ba ya ƙara kamar mota, don haka tsuntsu ba ya gudunsa da wuri. Zai ga zalɓe a bakin ruwa, da wani irin shaho yana shawagi ƙasa-ƙasa bisa kara. A watan Mayu zai ji wani tsuntsu yana kiran sunan kansa, ku-ku, ku-ku. Wannan tsuntsu ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar wani ƙaramin tsuntsun kara, ya bar masa reno. Tun 2011 masana a Ingila su ke ɗaura wa waɗansunsu 'yar na'ura domin su bi sawunsu. Sun tarar suna ƙetare Sahara, waɗansu su yada zango a Cadi da Nijeriya, kafin su wuce dazuzzukan Kwango.

Ba su kaɗai ba ne. Ƙananan tsuntsayen kara, da wata ƙaramar agwagwa mai farin layi a gira, da su ke hayayyafa a fadamun Turai, a Afirka ta Yamma su ke cin lokacin sanyi. Fadamun Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Cadi suna cikin manyan masaukansu. Tsuntsun da ka kora daga shinkafarka da kaka, wataƙila wani mai keke ya tsaya yana kallon ɗan'uwansa a Turai da bazara. Saboda irin wannan ne ƙasashe su ka ƙulla yarjejeniyar kiyaye fadamu a garin Ramsar na Iran a 1971. Wicken yana cikin jerin wuraren da ta ƙunsa, tafkin Nguru ma ya shiga a shekara ta 2000.

ME ZA MU ƊAUKA?

Ƙasar fadamunmu yawanci laka ce da yashi, ba irin baƙar ƙasarsu ba, saboda haka ba za ta nutse ƙafa 13 ba. Amma mu ma mun ga abin da taɓa ruwa ke jawowa. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke sauka Haɗeja da Nguru ta sāke hali. Wani wuri ruwa ya daina kaiwa, wani wuri ya zauna bai tafi ba, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma da makiyaya duk su ka ji a jikinsu. Wanda ya taɓa ruwa a sama, ya taɓa tukunyar na ƙasa.

Abu na fari ke nan: a bar wa ruwa rabonsa. Ko Vermuyden, da ya haƙa hanyoyin nan biyu, ya bar fili mai faɗi a tsakaninsu domin ambaliya ta kwanta. Har yau da sanyi filin ruwa ne da tsuntsaye, da bazara kuwa makiyaya ce ta shanu. In ƙungiya za ta raba fadama, kada a nome ta har bakin ruwa. A bar ciyawar gaɓa, a bar mashaya da burtali.

Na biyu, abin da ke kawo amfani shi a ke tsarewa. Ciyawar jinka ce ta ceci Wicken. Gamba, da kaba, da kifi, da ciyawar dabbobi da mu ke samu a fadama, amfanin gona ne su ma, ko da ba mu shuka su ba. A yanka bi da bi, kada a sa wuta.

Na uku, hanya. Ba kwalta ce ta sa tsoho da yaro su ke tafiya mil tara cikin kwanciyar rai ba. Bayan jinga ne da aka daddaɓe, da 'yar gada a inda ya kamata. Wannan bai fi ƙarfin aikin gayya ba. Ƙaramar gada guda a kan rafin da ke raba mu da kasuwa da damina tana iya rage asarar tumatir fiye da yadda mu ke zato.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Ku tambayi dattawa: ina ruwa ya ke kaiwa a fadamarku sa'ad da su ke yara, ina ya ke tsayawa yanzu?

2. Banda abin da ku ke shukawa, me da me ku ke samu daga fadama? In ta bushe, nawa za ku kashe ku saye su?

3. Wane wuri ne keke ba ya wucewa da damina tsakanin gonakinku da kasuwa? Mutum nawa, da kwana nawa, za su gyara shi kafin ruwan bana ya sauka?